Darasin murjani ga masu yashe tafkin Legas

Duk uwar da ta taɓa haɗa wa amarya kayan ado a Agege ta san darajar murjani. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan jan dutse ƙashin wata ƙaramar halittar teku ce, wadda danginta ke gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, inda kifaye ke fakewa suna hayayyafa.

Masana sun daɗe suna lissafi da kwamfuta don gano tsawon lokacin da waɗannan tsaunuka ke ɗauka kafin su farfaɗo idan ɗan Adam ya ɓata su. Sukan auna yawan ƙwayoyin da ke sauka su kafu a shekara, da saurin girmansu, da yawan kifayen da ke cinye gansakukar da ke danne su. Ko jinsin da ya fi saurin girma yakan buƙaci shekara 10 zuwa 15, muddin ba a sake taɓa shi ba.

Tarihi ya tabbatar da lissafin. A tsibiran Bikini, inda Amurka ta gwada makaman nukiliya daga 1946 zuwa 1958, akasarin jinsunan murjani sun dawo bayan kimanin shekara 50, domin an ƙaurace wa wurin. A Jamaika kuwa, murjanin da ya rufe rabin ƙasan tekun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990, bayan kamun kifi ya wuce kima gansakuka ta mamaye gurbinsa. Akwai iyakar da idan aka ƙetare ta, ruwa ba ya komawa yadda yake.

Legas ba ta da tsaunukan murjani, amma ƙa'idar ɗaya ce. Dare da rana ana yashe yashi daga tafkin Legas, ana cike gaɓar teku don gina unguwanni irin su Eko Atlantic, ana sare itatuwan bakin ruwa inda ƙananan kifaye ke girma. Idan komar masunci ta fito wayam a Makoko ko Epe, mai tebur a Agege da Mile 12 ne zai ji a jikinsa, sannan magidanci ya ji a tukunyarsa.

Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, kuma Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa tana nan a Victoria Island. Wannan jarida na ganin bai kamata a sabunta lasisin yashe ko guda ba sai mai nema ya gabatar da lissafin da cibiyar ta tantance: shekara nawa wurin zai ɗauka kafin ya farfaɗo, wane yanki za a bari a matsayin iri, kuma wa zai biya idan lissafin ya saɓa.

Ya kamata sarakunan Hausawa na Legas da ƙungiyoyin ƴan kasuwa su sa baki a wannan batu tun da sauran abin cetowa. Manomin da ya cinye irinsa ba shi da wanda zai zarga idan damina ta faɗi.