Lindau: Kafin ku je kallon tafki, ku duba jakar magani

Hutu ya matso, na kuma san wasunku na shirin kai ziyara Jamus wajen 'ya'yan da ke karatu ko aiki a can. Idan hanya ta biya da ku kudancin ƙasar, ku leƙa Lindau. Tsohon gari ne a kan tsibiri cikin tafkin Bodensee, wanda Jamus da Austriya da Suwizalan suka kewaye, kuma jirgin ƙasa na shiga har cikinsa. A mashigar jiragen ruwa akwai mutum-mutumin zaki da hasumiyar fitila ta 1856, can bayansu ga duwatsun Alps. Tun 1951 masu lambar yabo ta Nobel ke taruwa a garin, kuma likitoci biyu 'yan garin ne suka kawo shawarar.

Ni kuwa da na je, sana'a ba ta bar ni ba, kantin magani na fara nema. Jan harafin A ne alamarsa. Ku cire ran za ku shiga ku ce "a ba ni amoksisilin" kamar yadda aka saba a kemis ɗin unguwa. Ba takardar likita, ba magani. Ranar Lahadi yawancinsu a rufe suke, sai dai a ƙofa za ku ga sunan wanda ke aikin gaggawa.

Don haka mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda, cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan sinadarin. Allurar insulin a jakar hannu take tafiya, domin sanyin ɗakin kaya na jirgi kan daskarar da ita, ta lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne maleriya. Sauro kan ciji mutum a Legas ko Abuja, zazzaɓin bai tashi ba sai bayan mako ɗaya ko biyu, yana tsakiyar yawon buɗe ido. Likitan can ba kullum yake ganin cutar ba, zai iya ɗaukar ta mura. Kada ku danne da farasitamol. Ku je asibiti a ranar, kalmar farko kuma ta zama: daga Najeriya na zo, a gwada ni maleriya. Lambar gaggawa 112 ce, inshorar da kuka biya wajen neman biza ta irin wannan rana ce.

Iyayen masu sikila, ruwan tafkin nan da sanyi ko da rani, kuma sanyi na tayar da ciwon. Yaro ya yi kallo daga cikin jirgin ruwa, da rigar sanyi da gorar ruwan sha a hannu. Haka ma idan za ku hau dutsen Pfänder da ke Bregenz, mai tsayin mita 1,064: iskar sama daban take da ta bakin ruwa.