Ina iyaye maza suka shiga?

Abin da ya ɓata mini rai a makon nan shi ne yadda mazanmu suka mayar da rikicin asibitin Tavistock na Landan abin raha a majalisa. A turo bidiyo ta WhatsApp, a kwashe da dariya, a ce Turawa sun haukace, a kurɓi shayi. Ba mai tambayar su wane ne yaran da abin ya shafa.

Sashen asibitin da ke duba yaran da ke jin jikinsu bai dace da jinsinsu ba an buɗe shi ne a 1989, aka rufe a Maris 2024. A shekarar 2011 zuwa 2012 yaran da aka tura can ba su kai 250 ba. Bayan shekara goma sun haura 5,000, akasarinsu 'yan mata masu tashen balaga, da yawansu na fama da ciwon damuwa. Aka riƙa yi wa wasunsu allurar dakatar da balaga. Sai a Afrilun 2024 rahoton Dakta Hilary Cass, likitar yara, ya fito ƙarara ya ce hujjojin da aka dogara da su masu rauni ne.

To, su wa suka ɗaga murya tun ana tsoron magana? Sue Evans, ma'aikaciyar jinya, ta fara ƙorafi shekaru da dama kafin kowa ya saurara. Sonia Appleby, wadda aikinta shi ne kare yara a hukumar asibitin, sai da ta kai ƙara saboda yadda aka mayar da ita saniyar ware, kotu ta ba ta diyyar fam 20,000 a 2021. Keira Bell, wadda aka fara ba ta maganin tana shekara 16, ta yi nasara a kotu a 2020, aka soke hukuncin a ɗaukaka ƙara a 2021. Hannah Barnes, 'yar jarida, ita ta bi diddigin labarin har ta rubuta littafi. Mata ne, kusan dukansu. An sami maza irin Dakta David Bell, wanda ya tattara koken ma'aikata a rahotonsa na 2018, da Marcus Evans da ya ajiye muƙaminsa a 2019. Allah Ya saka musu, amma ba su da yawa.

Sai da maganar ta zama siyasa, ta fara kawo ƙuri'a da mabiya a intanet, sannan maza suka yi dafifi, kowa na buga ƙirji. Na san akwai matasa da iyayen da suka ce maganin ya taimake su, kuma ba izgili suka cancanta ba. Amma mai ihun da bai taɓa zama da yarinyar da ta tsani jikinta ya saurare ta ba, ko wane ɓangare yake, ba kare yara yake yi ba, kasuwarsa yake ci.

Yanzu mu dawo gida. Ku shiga ɗakin kwanciyar yara a kowane asibitin gwamnati a garinku, ku ƙirga maza. Uwa ce ke kwana a kan tabarma, ita ke jin bayanin likita, ita ke haddace sunan magani. Maigida ya aiko kuɗi, sai an zo sa hannun tiyata a neme shi a waya. Wannan mutumin ne zai zauna a bakin titi yana yi wa iyayen Ingila dariya? Bai san malamin da ke koyar da 'yarsa darasin yamma ba, bai san da wa ɗansa ke hira a waya tsakar dare ba. In yarinyar ta daina cin abinci, ta kulle kanta a ɗaki, shi ne na ƙarshen sani, kuma abin da zai fara yi shi ne ya ɗora wa uwarta laifi.