Kada A Wasa Kalifa Don Wili Ya Shiga

Kwanan baya na tarar da wani bakanike ya ɗora injin wasa a kan kalifar birki, wai don sabon wilin da mai mota ya sayo ya sami shiga. Na ce masa ya dakata, ya dube ni ya ce aikin jarida daban, aikin ƙarfe daban. Gaskiyarsa, amma abin da ya shafi rai kowa yana da ta cewa. Saboda haka yau za mu leƙa Ingila, wurin mutanen da suka daɗe suna fama da wannan matsala.

A can akwai motar da ake saye gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, mutum ya harhaɗa abinsa a gida. Wadda ta fi suna ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957. A wancan zamani motar da aka saya a warwatse ba a biyan mata harajin saye, shi ya sa abin ya karɓu. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera ta. Masu kwaikwayonta kuwa sukan ciro ƙafafun gaba daga tsohuwar Ford Cortina, su nemo wili daga wani wuri, daga baya su ƙara babban faifan birki da babbar kalifa. Ranar da aka zo ɗaura wili mai inci 13 sai a ji ƙarfe yana gugar ƙarfe.

Kalifa ita ce ƙarfen nan da ke rungume da faifai, man birki ya turo fistin a cikinta, ta matse faifan, mota ta tsaya. Wuri biyu wili yakan taɓa ta, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In ƙeyar kalifa ce ke gugar cikin wili, to wilin ya yi ƙanƙanta: ko dai a koma inci 14 ko 15, ko kuwa a mayar da ƙaramin faifai da kalifarsa. In kuma fuskarta ce ke taɓa yatsun wili, sai a dubi lambar nan ta ET da aka buga a bayansa, wadda ke nuna da milimita yadda wili ya shige ciki. In lambar ta ragu, wili ya fito waje. Sai dai lanƙwasar yatsun ita ma tana da tasiri, don haka a gwada kafin a biya kuɗi.

Wasu sukan sa farantin ƙarfe tsakanin wili da mazauninsa. Yana aiki, amma da sharaɗi. Kowace milimita da ya ƙara, daga tsawon kusa ya ciro ta. Kusa mai kaurin milimita 12 tana bukatar noti ya kama aƙalla milimita 12, wato juyi 8 a irin zaren Ford. In bai kai ba, sai an sa dogayen kusoshi. Farantin in ya yi kauri yakan ɗora wa boris nauyi, ya sauya halin sitiyari, ya fitar da taya daga ƙarƙashin madogad. A Ingila tun 2009 irin wannan mota sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA kafin a ba ta lamba, kuma tayar da ta leƙo waje tana kayar da ita.

Masu aikin sukan bar tazarar kamar milimita 3, domin ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, wili kuma yakan ɗan lanƙwasa a kwana. A manna ɗan yumɓu a kan kalifa, a ɗaura wili, a juya da hannu, a cire a auna abin da ya rage. A yi awon da sababbin takalman birki, don kalifa mai zamewa a lokacin ne ta fi matsowa waje. A tuna da dalmar da mai faci ke liƙawa a cikin wili, sau da yawa ita ce ke bugun kalifa. Sa'an nan a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a tabbata tiyon man birki bai taɓa taya ba.

Wasa kalifa kuwa gyaran gangar auzinawa ne. Jikinta ne ke ɗauke da ƙarfin matsar mai. In aka rage mata kauri za ta riƙa buɗewa, birki ya yi laushi, wata rana ta tsage, kuma ba a gareji za ta tsage ba, sai a gangara da iyali a cikin mota.

Mai karatu, ba sai kana harhaɗa mota a Ingila ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Ladipo ya ga wili mai ƙyalli, wannan magana tasa ce. Kuɗin wani wilin dai ana iya sake nemowa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.