Wa Ya Faɗa Musu Kana Da Kirifto?

Da sanyin safiyar Talata, 21 ga Janairun 2025, wasu mutane suka kutsa gidan David Balland a wani ƙaramin gari kusa da Vierzon, a tsakiyar Faransa, suka yi awon gaba da shi da abokiyar zamansa. Balland yana cikin waɗanda suka kafa Ledger, kamfanin da ke ƙera 'yar na'urar nan da ake adana makullin kuɗin kirifto a cikinta. Sana'arsa ke nan, hana ɓarayin intanet taɓa dukiyar mutane. Amma waɗanda suka zo masa ba ruwansu da kwamfuta. Yatsa suka yanke masa, suka ɗauki bidiyo suka tura wa abokin kasuwancinsa, suka nemi fansar da jaridun ƙasar suka ce ta kai yuro miliyan 10, kuma da kirifto za a biya. Washegari zaratan jandarmomi na rundunar GIGN suka kuɓutar da shi, kwana ɗaya bayan nan aka gano matar a ɗaure cikin mota.

Ba a gama jimamin wannan ba, a farkon watan Mayu aka ɗauke mahaifin wani mai harkar kirifto a kan titin Faris, shi ma sai da ya rasa yatsa kafin 'yan sanda su cece shi. Ranar 13 ga watan kuma duniya ta kalli abin da idonta, domin wani ya ɗauka a waya daga tagar bene. Da safe ne, gari ya waye tangaran. Mutum uku da fuskoki a rufe suka diro daga motar ɗaukar kaya, suka cafki 'yar Pierre Noizat, shugaban kamfanin Paymium, suna jan ta a ƙasa. Mijinta ya kwanta a kanta ya ƙanƙame, ana dukansa bai saki ba. Ita kuma ta fizge bindigar hannun ɗayansu ta yi jifa da ita. Can sai ga wani mutumin unguwa da tukunyar kashe gobara a hannu ya yo kansu, suka afka mota suka tsere, ya bi su da jifa. A wannan watan dai, a birnin New York, wani ɗan Italiya ya tsero ba takalmi daga wani gida a unguwar SoHo, ya ce sama da mako biyu ana gana masa azaba don ya faɗi lambar sirrin Bitcoin ɗinsa.

Na san mai karatu zai ce ina ruwanmu, rikicin attajiran Turai ne. Da ruwanmu. Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin wannan harka, ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kusan dala biliyan 59 ta shigo ta wannan hanya tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024. Mu a Arewa mun ga yadda guguwar mainin ta 2024 ta kwashi yaro da babba, daga Notcoin zuwa Hamster Kombat, kowa na dangwalar waya yana jiran ranar da za ta fashe. Akasari ba su samu ko kuɗin datar da suka ƙona ba, amma an samu tsiraru da suka zauna daram a harkar, suna juya kuɗi na gaske. Ga shi kuma mu ba sai an koya mana mene ne garkuwa da mutane ba. Wuta da fetur ne a ɗaki ɗaya.

Abin da ke jan hankalin ɗan fashi ga kirifto a bayyane yake. Mai son kore shanu ɗari sai ya tara mutane, ya jira dare, ya san hanyar daji, ya sami kasuwar da za ta karɓa ba tambaya, kuma a kowane mataki asirinsa na iya tonuwa. Mai son dukiyar ɗan kirifto kuwa mutum ɗaya yake buƙata, da kalmomin sirri 12 ko 24 na buɗe walat ɗinsa da ke kansa ko a wata takarda a ƙasan katifarsa. Kuɗin banki yana da iyakar abin da za a tura a rana, akwai manaja da za a kira, akwai asusun da za a iya toshewa. Walat ɗin da mutum ke riƙe da makullinsa da kansa ba shi da ko ɗaya. Ko naira dubu ce ko biliyan, dannawa ɗaya ce, kuma in ta tafi babu ofishin da zai dawo da ita. 'Yancin da ake yi wa kirari, wai kai ne bankin kanka, shi ne ya mai da kai taskar da za a fasa.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba shi ne yadda ake karɓar kuɗin ba. Yadda ake sanin wanda za a je wa ne. Duk wanda ya zauna da mutanen Zamfara ko Katsina ya ji suna cewa ɗan bindiga bai fi infoma sharri ba, domin da ɗan gari akan ci gari. Na daji bai san wa ya sayar da hatsi jiya ba, sai an faɗa masa. Abu uku yake so a haɗa masa: suna, gida, da adadin abin da ke hannu. Duk inda ukun nan suka haɗu, an gama rabin aikin. To a harkar kirifto, wa ke haɗa su?

Na farko mai dukiyar da kansa. Ku duba Facebook da TikTok ku ga. Matashi ya ci riba, sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa da adadin dalolin ɓaro-ɓaro ya ɗora, ya rubuta Alhamdulillah. Jibi ya ɗora sabuwar mota a ƙofar gidansu, lambar motar a fili, shagon mai shayin layinsu a bayansa. Wasu ma kuɗin ba nasu ba ne, hoton aro ne don a ja mabiya a sayar musu da darasi, amma wanda zai zo da dare ba zai tsaya tantance wannan ba. Ko da ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Amurka an ga ƙarshen irin wannan a Agustan 2024, lokacin da wasu samari suka damfari wani mutum Bitcoin na sama da dala miliyan 200, suka shiga facaka da motoci da gidajen rawa. Mako guda bayan satar, wasu suka tare iyayen ɗaya daga cikinsu a cikin Lamborghini a garin Danbury, suka lakaɗa musu duka suka jefa su a mota. Ɓarawo ne ya ja wa iyayensa ɓarayi.

Akwai kuma tonon asirin da mutum ke yi wa kansa bai sani ba. Mutane da yawa sun ɗauka kirifto ɓoyayyen abu ne, alhali kundinsa a buɗe yake ga kowa. Ka sayar wa wani kirifton USDT na dala hamsin daga walat ɗinka, ya ga adireshin da kuɗin ya fito. Ya kwafe shi ya liƙa a shafin Tronscan, cikin daƙiƙa ya ga duk abin da ke ciki, da ranar da ya shigo, da inda kake turawa. In cinikin ido da ido kuka yi, a shagon caji ko a cikin motarka, ga fuskarka ya sani, ga lambar wayarka, ga sunanka na banki. Tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021 jama'a suka koma cinikin P2P, wato tsakanin mutum da mutum, kuma ko da aka janye haramcin a Disambar 2023 sabon bai bar mutane ba. Wanda yake ciniki da walat ɗin da ya tara jarinsa a ciki, kullum yana buɗe wa baƙi littafin ajiyarsa ne.

Amma zalunci ne a ɗora laifin duka a kan masu dukiya, kuma a nan nake son mu daɗe. Akwai mutumin da bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba, amma sunansa na yawo a hannun miyagu. A 2020 aka kutsa rumbun bayanan kasuwanci na Ledger ɗin nan, a Disambar shekarar aka watsa sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutum kusan 272,000 da suka sayi na'urar. Ka yi tunani: jerin mutanen da suka damu da tsaron kirifto har suka sayi na'ura, wato masu abin da za a tsare, kowa da ƙofar gidansa. Daga nan saƙonnin barazana suka fara sauka, wasu ma aka aika musu na'urorin bogi ta gidan waya. A Mayun 2025 Coinbase, babbar kasuwar kirifto ta Amurka, ta amsa cewa an ba wasu ma'aikatan kula da abokan ciniki da ke ƙasashen waje cin hanci, suka kwashe bayanan mutum 69,461, har da hoton katin shaida da adireshi da adadin kuɗin da ke asusu. Ɓarayin suka nemi dala miliyan 20, kamfanin ya ƙi biya. Ya yi alkawarin mayar wa waɗanda aka damfara kuɗinsu. To adireshin fa? Mutum na iya sauya lambar sirri cikin minti ɗaya, amma ba ya sauya gida da makarantar 'ya'yansa don wani ma'aikaci ya karɓi na goro.

Wannan ya sa nake kallon abin da ke tafe a Najeriya da ido biyu. Dokar zuba jari ta 2025 ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin shekarar kuma sun ɗora wa kamfanonin kirifto miƙa bayanan abokan cinikinsu ga hukumar haraji. Ba na jayayya da haraji, ba na kuma goyon bayan a bar harkar kara zube, mun ga abin da dandalin zuba kuɗi na CBEX ya yi wa mutane. Amma ma'anar wannan tsari ita ce za a sami rumbu guda da ya haɗa suna da NIN da adireshi da adadi. A ƙasar da a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna ana sayen bayanan NIN na mutane a wasu shafuka kan naira 100, har da na minista, wajibi ne a tambaya: wa zai riƙe makullin wannan rumbu? Muna da dokar kare bayanai tun 2023 da hukumar da ke kula da ita. Faransa sai da aka yanke yatsu kafin ta ba shugabannin kamfanoni damar ɓoye adireshin gidajensu daga rajistar kasuwanci da kowa ke iya dubawa. Bai kamata mu jira namu yatsun ba.

Shi kuma mai riƙe da kirifto, bayan kame baki, me ya rage masa? Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a yi walat na bogi mai 'yan kuɗi kaɗan, in an ritsa ka ka buɗe shi. Tana da amfani a gaban ɗan ƙwacen waya ko 'yan wan-cans na Abuja da ba su san ko kai wane ne ba. A gaban wanda ya zo da adadin kuɗinka a rubuce kuwa, ƙarin duka kawai za ta ja maka. Abin da ya fi shi ne ka tsara ajiyarka yadda ko kana so ba za ka iya kwashe ta kai kaɗai nan take ba. Akwai walat mai makulli uku da sai biyu sun haɗu kuɗi ke motsi, a ajiye su a wurare daban-daban, ɗaya ma a wani gari. Manyan kasuwannin kirifto suna da tsarin da in aka ƙara sabon adireshin turawa sai an jira kwana ɗaya ko biyu. Jinkiri shi ne babban abokin gabar ɗan fashi, domin kowace sa'a da ya ƙara yana tsare da mutum, hanyar kama shi ce ke faɗaɗa. Wayar da kake yawo da ita kuma kada ta ɗauki fiye da kuɗin cefane da na ciniki. Babbar ajiya ba ta da abin yi a aljihu, balle a ƙasar da matasa suka daɗe suna kukan ana tare su a hanya a ce su buɗe waya.

In kuma ƙaddara ta riga fata, an ritsa ka, ka bayar. Babu Bitcoin ɗin da ya kai yatsan ɗanka. Ka kuma kai rahoto da gaggawa, domin buɗaɗɗen kundin nan da ke tona maka asiri yana tona wa ɓarawon nasa shi ma. Masu gabatar da ƙara a Faris sun ce kusan duk abin da aka biya a fansar Balland an bi sawunsa an daskarar da shi, kuma kamfanin Tether, mai USDT, yana iya toshe ta a adireshin da hukuma ta nuna masa.

Wani abu da nake jin malamanmu ya kamata su shigo ciki shi ne gado. Ɓoyewa ta yi yawa, sai mutum ya faɗi ya mutu da kalmominsa 12 a ka, marayu na neman na tuwo alhali haƙƙinsu na nan a inda ba mai iya taɓawa har abada. Tsarin makulli uku yana warware wannan ma: ɗaya a hannunka, ɗaya a wurin amintacce ko lauya tare da wasiyya, ɗaya a ajiye, ba wanda zai iya cin amana shi kaɗai.

Ga SEC da hukumar haraji da hukumar kare bayanai kuwa, ga abin da nake so su amsa a bainar jama'a kafin rumbun ya cika: ma'aikaci nawa ne zai iya buɗe fayil ɗin mutum ya ga adireshinsa da kuɗinsa a shafi ɗaya, shin kowace buɗewa tana barin sawun wanda ya yi ta, cikin kwana nawa za a sanar da mutum in bayanansa sun fita, kuma shekara nawa ma'aikacin da ya sayar da su zai yi a gidan yari.