Kimiyya A Sauƙaƙe: Ɗinkin Da Jiki Ke Shanyewa

Duk wanda aka taɓa yi wa fiɗa a asibiti, ko kuwa ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya san cewa bayan an sallami majinyaci akwai sauran rina a kaba, watau ranar cire zare. Ga mazaunin birni wannan ƙaramin abu ne. Amma ga matar da aka ciro wa jariri ta hanyar fiɗa, alhali ƙauyensu yana nesa da asibiti, komawar nan babbar ɗawainiya ce ta kuɗin mota da jijjigar hanya a kan ɗanyen ciwo. Saboda haka a wannan mako za mu duba yadda likitoci da injiniyoyi suka yi ta fafutukar ƙera abin da zai riƙe rauni har ya warke, sa'an nan ya narke a cikin jiki don kansa.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. Likitocin Indiya na zamanin da sukan sa manyan tururuwa su ciji bakin rauni, sa'an nan su tsinke jikin su bar kawunan suna riƙe da naman. Shahararren likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zaharawi, wanda ya rasu a shekarar 1013, ya bayyana cikin littafinsa At-Tasrif yadda ake ɗinke hanjin mutum da zaren da aka murza daga hanjin dabba. Turawa suna kiran wannan zare katgot, watau hanjin kyanwa, alhali kuwa kyanwa ba ta san ana yi ba, daga hanjin tumaki da na shanu ake yinsa. A shekarar 1881 likitan Ingila Joseph Lister ya bayyana hanyar jiƙa shi cikin wani sinadari domin ya ƙara daɗewa kafin ya narke. Har gobe ana aiki da irinsa a asibitocinmu saboda araharsa. Aibinsa shi ne jiki yakan ɗauke shi a matsayin baƙon nama ya yi ta yaƙarsa, wurin ya kumbura, kuma ba a iya ƙayyade ranar da zai saki.

Ƙayyade rana kuwa shi ne ƙashin bayan al'amarin duka. Fatar da aka yanka ba ta da wani ƙarfin kirki a makon farko. Bayan mako uku takan sami wajen kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinta na da, bayan wata uku ta kai wajen kashi 80, daga nan ba ta ƙara wani abin a zo a gani. To, aikin mai ƙera abin ɗinki shi ne ya daidaita raguwar ƙarfin abinsa da ƙaruwar ƙarfin nama. In ya saki da wuri, rauni ya buɗe. In ya daɗe fiye da kima, ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta.

An sami bakin zaren a shekarar 1970, lokacin da wani kamfanin Amurka ya fito da zare mai suna Dexon, sa'an nan a 1974 wani kamfanin ya fito da Vicryl. Waɗannan wani irin roba ne na musamman, kuma ɗaya daga cikin sinadaran da ake haɗa Vicryl da su shi ne wanda ke sa nono ya yi tsami. Ruwan jiki ne ke warware su sannu a hankali, abin da ya saura jiki ya sarrafa shi ya fitar ta numfashi da fitsari. Da yake aikin ruwa ne, ana iya lissafa shi: zaren Vicryl yakan riƙe kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan mako biyu, rabi bayan mako uku, ya ɓace cikin kwana 56 zuwa 70.

Sai dai ɗinki da allura yana cin lokaci, kuma kowane minti da majinyaci ya ƙara a ƙarƙashin maganin barci ƙarin haɗari ne. Don haka tun tuni wasu suka bi wata hanya, ta ƙera na'ura irin sitafular da akawu ke haɗa takardu da ita. Likitan ƙasar Hungari Hümér Hültl ne ya fara fito da ita a birnin Budafes a 1908. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma sai an shafe awa biyu ana ɗura mata fil. Ɗan ƙasarsu Aladár Petz ya rage mata nauyi a 1921, masanan Rasha suka kyautata ta a shekarun 1950, sa'an nan likitan Amurka Mark Ravitch ya ziyarci Rasha a 1958 ya sayo guda ya koma da ita gida. Amma fil ɗin nan na ƙarfe ne. Wanda aka sa a cikin ciki yakan zauna har abada, wanda aka sa a fata kuwa dole a koma a cire shi, kuma yakan bar tabo reras kamar layin dogo.

Da aka zo haɗa saurin na'ura da narkewar roba, sai injiniyoyi suka ci karo da wata matsala. Ƙarfe in an lanƙwasa shi yakan zauna a lanƙwashe, da haka yake riƙe nama. Roba kuwa in an lanƙwasa ta, ko dai ta karye ko ta miƙe, kuma ba ta da kaifin huda fata. A shekarun 1980 aka yi fil mai ɓari biyu, ɗaya ya ratsa nama ya shige cikin ɗayan ya kulle. Daga baya wani kamfani a Jihar Minesota ta Amurka ya fito da na'ura mai suna Insorb, wadda ta shiga kasuwa a 2005. Likita yakan ɗaga leɓɓan raunin biyu da hantsaki ya sa su a bakin na'urar. Da ya matsa, allurai biyu na ƙarfe su huda hanya a cikin kaurin fata, fil na roba mai siffar kofaton doki ya bi bayansu, allurai su janye su bar shi. A ƙarshen kowace ƙafarsa akwai ƴar ƙugiya irin ta masunta, ita ke hana shi zamewa. Ba ya leƙowa waje, kuma cikin watanni jiki ya shanye shi.

Kowane allazi da nasa amanu. Irin wannan fil ba ya ɗaukar nauyi mai yawa, tilas likita ya fara ɗinke naman ciki da zare. In an sa shi kusa da saman fata, jiki yakan tofo shi waje. Ba a dafa shi cikin tukunyar tururi kamar almakashi, domin zafi da laima ne abokan gabansa, sai dai a kashe ƙwayoyin cutarsa tun a masana'anta, a rufe shi ruf. Ita kanta na'urar mutum ɗaya ake wa aiki da ita a jefar, ga shi kuwa da kuɗin waje ake sayenta.

A nan ne maganar ta shafe mu. Kayan da aka ƙera domin ɗakin ajiya mai sanyi, in sun kwana cikin motar ɗaukar kaya a zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, ba lalle su isa asibiti da ƙarfinsu ba. Ya kamata masu sayo wa asibitoci kaya su tanadi ma'aji kafin su yi oda, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Ibadan su haɗa kai da injiniyoyin jami'o'inmu wajen gwada waɗannan kaya a yanayinmu.

Kai kuma mai karatu, in an yi maka aiki ko an yi wa iyalinka, tambayi likita ko ɗinkin na cirewa ne ko mai narkewa. Kada a ja zaren da ya leƙo, kada a gasa wurin da ruwan zafi sai da izinin likita. In an ga kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi, a garzaya asibiti komai nisa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.