Akwatunan Wi-Fi: yawan ganguna ba shi ne daɗin kiɗi ba

A manyan gidajen ma'aikatu na Yamai, da na Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai kukan da ba ya ƙarewa, wato rezo ba ya tafiya. Sakatare yana zaune gaban ordinatar, takarda guda ta ƙi wucewa, talakan da ya taso tun daga ƙauye kuwa a ce masa ya komo gobe. Maganin da aka saba shi ne a sayo sabon akwatin Wi-Fi. Wannan biro ya kafa nasa, na kusa da shi ma ya kafa nasa. Kuɗin ƙasa sun tafi, ciwon kuma ya ƙaru. Gaskiya ne, wani lokaci laifin na layin kamfani ne, ko na ɗaukewar kuran. Amma sau da yawa akwatunan ne da kansu ke toshe ma juna hanya.

Ga dalili. Akwatin Wi-Fi ƙaramar tashar radiyo ce, mai aika saƙo da karɓa. Zangon da aka fi cunkushewa cikinsa shi ne na gigahas 2,4, wanda hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe ma kowa a 1985 ba tare da neman lasisi ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko ta wannan sadarwa a 1997. An raba zangon zuwa hanyoyi 13, tsakanin kowace da mai bi mata akwai megahas 5, alhali saƙon akwati guda yana cin faɗin wajen megahas 20. Kamar titi ne da aka zana ma amalanke 13, amma faɗinsa na uku ne kawai. Shi ya sa masu sana'ar suka tsaya kan hanyoyi uku da ba su taɓa juna: ta 1, ta 6 da ta 11.

In akwatuna biyu suna hanya guda, kowane yakan saurara kafin ya yi magana, in ya ji ɗan'uwansa sai ya jira. Ana bin layi kenan kamar a rijiya mai guga ɗaya: akwai jinkiri, amma kowa yana samun ruwa. In kuwa wani ya sa nasa a hanya ta 3 don ya guje ma jama'a, to ya ɓata ma na 1, ya ɓata ma na 6, bai kuma tsira ba. Saƙonsu yana zame ma juna hayaniya, ya lalace, a sake aikawa.

Kuskure na biyu shi ne ƙure ƙarfin akwati. Talhon hannu muryarsa ƙarama ce. Yana iya jin akwatin daga nesa, amma akwatin ba ya jin amsarsa sosai. Ban da haka, akwatin da ya ɗaga murya yana tilasta ma na maƙwabta su yi shiru su jira shi, har waɗanda ke wani bene.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce. A 1984, a birnin Janeba, ƙasashen Afirka da na Turai sun zauna ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, suka tsara rabon zangon FM daga megahas 87,5 zuwa 108, don kada tashar wata ƙasa ta danne ta maƙwabciyarta. Abin da ƙasashe suka iya tsakaninsu, bai kamata ya gagari daraktoci biyu masu bin ƙofa ɗaya ba. Hukumar ARCEP tana kula da zangunan ƙasa baki ɗaya, amma ba aikinta ba ne ta bi biro-biro tana rabon hanya. Wannan nauyin mai gida ne.

Saboda haka ya kamata kowace ma'aikata ta damƙa al'amarin ga mutum guda. Ya ƙidaya akwatunan gidan, ya zana inda kowane yake, ya raba musu 1, 6 da 11 yadda maƙwabta biyu ba za su haɗu a hanya ɗaya ba, na gefe da na sama da na ƙasa. Ya rage ƙarfinsu, ya kashe waɗanda ba su da amfani. Na'urorin da ke iyawa a mai da su zangon gigahas 5, inda hanyoyi suka fi yawa, ko da yake bango ya fi tare shi. Ordinatar da ba ta barin teburi kuwa, a ja mata waya ta bar ma wasu iska.

Wani darakta zai ce sirrin aikinsa yana bukatar akwatin kansa. Hujjar tana da nauyi, amma tana da amsa: akwati guda na ma'aikata yana iya ɗaukar rezo da dama, kowane da sunansa da kalmar sirrinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan shawara ta shafi masu sayar da Wi-Fi a unguwanni da bakin kasuwa, domin gasar ɗaga murya asara ce gare su duka.

Injiniyoyin IEEE suna aikin wata sabuwar ƙa'ida, Wi-Fi 8, wadda cikin manufofinta akwai akwatuna su riƙa shiryawa tsakaninsu da kansu. Kafin ta iso, kuma a samu kuɗin sayenta, abin da ke hannu shi ne zama ɗaya, takarda ɗaya da shawara ɗaya. Ba su cin ko dala, talaka kuma ya samu takardarsa ran da ya zo. Allah ya sa shugabannin ma'aikatu su duba.