Akwatin imel: in ɓarawo ya ga mabuɗi, sai a sake kwaɗo

A yau wasiƙar intanet, wadda ake kira imel, ta zama hanyar aiki a gundumar Madarunfa kamar yadda gidan waya ya kasance a da. Da ita malamin makaranta ke aika rahoto Maraɗi, da ita sakataren ƙungiyar manoma ke neman tallafi. Amma mutane ƙalilan ne suka san cewa adireshin da suke aiki da shi yana iya kasancewa a hannun ɓarayi tun shekaru da dama.

Ɓarayin intanet sukan fasa rumbun babban kamfani su kwashe bayanan jama'a gaba ɗaya. A shekarar 2013 an fasa na kamfanin Yahoo na Amurka, aka kwashe sunaye, lambobin waya, ranakun haihuwa da kalmomin sirri na akwati miliyan dubu 3, wato duk akwatunan da ke akwai a lokacin. Kamfanin bai sanar ba sai 2016, cikakken adadin kuwa sai 2017 ya fito. Ma'aikatan ƙasarmu da yawa a Yahoo suka fara buɗe akwati, wasu har yau da shi suke aiki.

A watan Afrilu na 2021 kuma aka baza bayanan mutum miliyan 533 masu Facebook daga ƙasashe 106, ciki har da wajen miliyan 9 na Nijeriya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ƴan kasuwa da yawa na riƙe da layin waya na ƙasashen biyu.

Haɗarin yana nan ga wanda ke amfani da kalmar sirri guda a wurare da yawa. Ɓarawo yakan gwada ta ko'ina, in ya shiga akwatin sai ya rubuta wa dangi da abokan aiki da sunan mai shi, yana roƙon kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai hanyar bincike kyauta. A watan Disamba na 2013 wani masani ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya kafa shafin Have I Been Pwned. Mutum ya rubuta adireshinsa kawai, shafin ya nuna masa satar da ta haɗa da shi. Sai dai satar da bayananta suka fito fili kaɗai yake ƙirgawa; saboda haka rashin ganin suna bai zama shaidar tsira ba. Mai tsohon akwatin Yahoo ya ɗauka cewa abin ya shafe shi.

Wanda ya ga sunansa ya sake kalmar sirri nan take, ya zaɓi doguwa wadda ba ta ƙunshi sunansa ko shekarar haihuwarsa ba, ya sake ta kuma duk inda ya sa irinta. Ya nemi a riƙa aiko masa lambar tabbatarwa a wayarsa kafin shiga, kada ya faɗa wa kowa wannan lamba, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake.

Ƙasar Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta tanadi hukumar HAPDP, ta kuma yi dokar hukunta laifukan intanet a 2019. Amma doka ba ta maido abin da ya riga ya bazu a duniya.

Don haka ya kamata shugabannin ma'aikatu su bincika adireshin da ake aika takardun hukuma da shi. Ku kuma ƴan uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, in mai shagon waya ne ya buɗe muku akwati, to ya san mabuɗinku. Tun da Allah ya sa kun iya karatu da rubutu, ku sake shi da hannunku.